Muhammadu Dikko: Sarkin da Katsina ke tunawa da shi ba da mutum-mutumi ba

A ƙasashe da dama, idan al'umma ta so girmama wani sarki da ya shuɗe, sai ta sa a ƙera mutum-mutuminsa da tagulla ko a sassaƙa shi da dutse, a kafa a harabar jami'a inda ɗalibai za su riƙa wucewa ta gabansa safe da yamma. A Jami'ar Chulalongkorn da ke Bankok, babban birnin Tailan, akwai na sarakuna biyu, uba da ɗa, waɗanda tarihin kafuwar jami'ar ya rataya a kansu. A nan gida ma, an kafa na Sarauniya Amina ta Zazzau bisa doki a harabar Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Legas.

Ƙasar Hausa ba ta saba da wannan al'ada ba. Malamai sun hana sassaƙa surar mai rai don girmamawa, saboda haka suna ake raɗawa. Jami'ar Bayero ta Kano tana ɗauke da sunan Sarki Abdullahi Bayero, ta Sakkwato kuma tana ɗauke da na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A Katsina, sarkin da ya fi kowa kusanci da tarihin ilimin zamani shi ne Alhaji Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944. Ba a sa wa ko ɗaya daga cikin jami'o'in jihar sunansa ba, amma da wuya a ba da labarin yadda jami'a ta samu a Arewa ba a biyo ta zamaninsa ba. Rayuwarsa kuma tana da fuska fiye da ɗaya, domin ta hannun Turawan mulkin mallaka ya samu sarauta, kuma da sarautar ya gina abubuwan da har yau ake cin moriyarsu.

Ƙasar da ya taso a ciki

An haifi Muhammadu Dikko a 1865. Mahaifinsa shi ne Durbin Katsina Gidado, Bafillace daga zuriyar Sulluɓawa. A lokacin, Katsina tana hannun gidan Dallazawa, jikokin Malam Ummarun Dallaje, wanda ya karɓi tutar jihadi ya zama sarkin Fulani na farko a 1807. Sarakunan Haɓe da aka kora daga birni ba su haƙura ba. Sun koma arewa suka kafa sabuwar daula a Maraɗi, suna ci gaba da kiran kansu sarakunan Katsina, kuma kusan duk ƙarni na 19 a kai hari da ramuwar gayya ya ƙare tsakanin ɓangarorin biyu.

Babu yankin da ya ɗanɗana kuɗar wannan gaba kamar yammacin Katsina, wato ƙasar Ruma da kewayenta, inda a yau ƙananan hukumomin Batsari da Safana suke. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar haɗin gwiwar Gobir da Maraɗi, Sarkin Katsina Siddiƙu ya far wa garuruwan yamma da ya zarga da goyon bayan Maraɗawa. Aka rushe da yawa daga cikinsu, mutane suka watse, gonaki suka koma kurmi. Wannan kufai na daga cikin abin da ya faɗaɗa dajin da ake kira Rugu. Tsananin mulkin Siddiƙu ya kai ga Sakkwato ta tuɓe shi a 1844, amma ɓarnar ta riga ta auku. Dajin ya zama hanyar mahara, musamman a zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore, wanda ya yi ta kai farmaki cikin ƙasar Katsina shekara da shekaru. Wanda ya zauna a yankin sai a bayan ganuwa, noma kuma sai kusa da gari. A irin wannan yanayi ne mayaƙa kamar Ɗan Waire, wanda sunansa ya haɗu da sarautar Ruma, suka yi tashe.

A cikin wannan zamani na doki da mashi Dikko ya girma. Ɗan babban basarake a lokacin yana tasowa ne da karatun allo da hawan doki da sanin makamar yaƙi, kuma ƙaunar doki ba ta rabu da shi ba har ƙarshen ransa.

Daga Durbi zuwa Gidan Korau

Da mahaifinsa ya rasu, aka naɗa Dikko Durbin Katsina yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Durbi babbar sarauta ce mai tsohon asali, kuma mai riƙe da ita yana cikin masu zaɓen sarki tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka. Sai dai bisa al'ada, mai zaɓen sarki ba ya zama sarki. Ƙasar Durbi tana wajen Mani, a arewa maso gabashin masarautar, don haka tsaron iyaka na cikin nauyin da ke kansa. Ya fita yaƙi a zamanin Sarki Abubakar, wanda ya hau a 1887, ya kuma yi suna a matsayin jarumi mai kyauta da iya zama da jama'a.

A farkon 1903 sojojin Ingila suka ci Kano, sannan suka ci Sakkwato. Daga can Gwamna Lugga ya nufo Katsina a ƙarshen watan Maris. Sarki Abubakar da majalisarsa suka zaɓi miƙa wuya maimakon yaƙi, aka shiga birnin ba a zubar da jini ba. Turawa suka kafa bariki, suna bukatar hatsi da ciyawar dawaki da leburori da masu yi musu jagora. Yawancin manyan fada sun ja baya daga hulɗa da Nasara, aikin kula da bukatun barikin ya faɗa hannun Durbi. Ya riƙe shi da himma, kuma ta nan Turawa suka san shi.

Zaman Sarki Abubakar da sababbin masu mulki bai yi daɗi ba. Kafin a cika shekara biyu suka zarge shi da hannu a gurɓata rijiyar da sojojinsu ke sha, suka tuɓe shi, suka kai shi Ilori. Katsinawa da dama sun ɗauki zargin a matsayin sharri. Aka naɗa baffansa Muhammadu Yero, shi ma bai daɗe ba. A watan Fabrairun 1906 aka yi boren Satiru kusa da Sakkwato, inda aka kashe Turawa uku da sojoji da dama, hankalin gwamnatin mallaka ya tashi, ta fara auna kowane sarki da ma'aunin biyayya. Jami'in mulki na Katsina, Herbert Richmond Palmer, ya kai rahoton cewa Yero ba ya ba da haɗin kai, ya kuma tsaya kai da fata a kan a ba Durbi sarauta. Aka cire Yero aka kai shi Lakwaja. A watan Nuwamban 1906 Dikko ya karɓi riƙo, a watan Janairun 1907 aka tabbatar masa da sandar mulki.

Wannan naɗi ya saɓa wa al'ada ta fuska biyu. Ba daga gidan sarauta aka ɗauko sabon sarkin ba, kuma ba zaɓin masu zaɓe ne da amincewar Sakkwato suka kawo shi ba, kamar yadda aka saba tun bayan jihadi. Mulkin Dallazawa na shekara kusan ɗari ya yanke a nan. Zuriyarsu ba ta ɓace daga tsarin masarauta ba, domin sarautar Yariman Katsina, wadda hakiminta ke zaune a Safana, tana hannunsu. Shi ya sa labarin 1906 yake da wani ɗanɗano na daban a wannan yanki, inda ake tuna shi a matsayin shekarar da gadon sarauta ya bar gida.

Baitulmali da fitar hakimai

Sabon sarkin ya shiga Gidan Korau yana sane da cewa akwai masu kallonsa a matsayin naɗin Bature. Hanyar da ya bi don kafa kansa ita ce aiki, da kyauta, da ƙulla zumunci ta aure da manyan gidaje, da kuma sanya 'ya'yansa da amintattunsa a muhimman muƙamai.

Babban sauyi na farko shi ne na kuɗi. Kafin zuwan Turawa, kuɗin ƙasa da jangali da sauran haraji suna biyowa ne ta hannun jakadu da hakimai, kowa ya ɗebi rabonsa a hanya, abin da ya rage ya isa fada ya gauraya da dukiyar sarki. A shekarun farko na mulkin Dikko, shi da Palmer suka kafa baitulmali, inda ake zuba kason masarauta na harajin da aka tara, bayan gwamnati ta ɗauki rabi. Daga nan ake biyan sarki da hakimai da alƙalai da dogarai albashi ƙayyadadde, ragowar kuma a yi ayyukan jama'a, komai a rubuce. Baitulmalin Katsina shi ne na farko a Arewa, sauran masarautu daga baya suka kwaikwaya. Amincewar sarki ya koma mai karɓar albashi ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani, kuma daga wannan tsari ne aikin En'e ya samo asali, da ma'aji da malaman haraji da magatakarda. Ma'aikacin ƙaramar hukuma na yau, da takardar biyan kuɗi da kundin kasafi, magajin wancan tsari ne.

Sauyi na biyu shi ne na zaman hakimai. A da, manyan masu sarauta suna zaune a birni, garuruwansu kuma a warwatse, wani a gabas wani a yamma. Sai aka yanka ƙasar gunduma-gunduma, aka umarci kowane hakimi ya fita ya zauna cikin jama'arsa. Ta haka taswirar da aka sani yanzu ta kafu, Durbi a Mani, Ƙaura a Rimi, Galadima a Malumfashi, 'Yanɗaka a Dutsin-Ma, Yarima a Safana, Sarkin Ruma kuma a ƙasar Ruma, wadda Batsari ce hedikwatarta a yau.

A daidai wannan lokaci Ingila da Faransa suka daidaita kan iyakarsu, aka shata ta tsakanin 1906 da 1908, Maraɗi ta faɗa ɓangaren Faransa. Hare-haren da suka addabi yamma shekara saba'in suka tsaya, kamun bayi ya zama laifi, yaran da aka haifa daga watan Afrilun 1901 kuma doka ta ce 'ya'ya ne. Mutane suka fara fita daga cikin ganuwa suna sarar daji, sababbin ƙauyuka da unguwanni suka tsiro, makiyaya suka sami wurin kiwo, fatake suka riƙa ratsa hanyoyin da a da ba a bi sai da rakiyar mayaƙa. Ba Dikko kaɗai ya kawo wannan zaman lafiya ba, ƙarfin bindigar Turawa ne ya tilasta shi a ɓangarori biyu na iyaka. Abin da ya rage wa sarki shi ne tafiyar da ƙasar ta yadda manomi zai yarda ya yi nisa da gari, kuma a wannan ya taka rawa ta hanyar rangadi da sa ido a kan hakimai da alƙalai.

Kasuwanci ma ya sauya alƙibla. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin Sahara da ya ɗaukaka Katsina a ƙarnonin baya ya ƙarasa durƙushewa, kaya suka koma bin hanyar teku. Gyaɗa da auduga da fatu suka zama abin nema, kuɗin ƙarfe suka maye gurbin wuri. Layin dogo bai shigo birnin Katsina ba, ta Funtua ya bi ya isa Ƙauran Namoda a 1929, don haka hanyoyin mota da En'e ta gina su ne suka haɗa birnin da kasuwannin duniya.

Kwalejin Katsina

Katsina tsohuwar cibiyar ilimi ce. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye, ga tarihin zuwan Shehu Magili a ƙarshen ƙarni na 15, ga Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina a ƙarni na 17, ga kuma Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741. Amma da makarantar boko ta zo, iyaye sun gudu daga gare ta, suna tsoron kada ta raba 'ya'yansu da addini. A wurare da yawa manya sun gwammace su tura 'ya'yan barorinsu su ɓoye nasu. Dikko ya sa 'ya'yansa na cikinsa, ya kuma matsa wa hakimai su yi haka.

Lokacin da gwamnati ta yanke shawarar kafa babbar makarantar horar da malamai ga lardunan Musulmi na Arewa, Katsina aka zaɓa, saboda sunanta a fagen ilimi, da nisanta daga hayaniyar garuruwan da ke bakin dogo, da kuma samun sarkin da ke maraba da ita. Ɗalibai suka fara karatu a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance ranar 5 ga Maris, 1922. Da jar ƙasa aka gina ta, bisa salon ginin Hausa mai bakan gizo da azara. Ana ɗaukar 'yan kaɗan daga kowane lardi, su yi shekara biyar suna koyon Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da Larabci da dabarun koyarwa.

Jerin waɗanda suka fito daga wannan makaranta kusan shi ne jerin shugabannin Arewa na farko. Akwai Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Kashim Ibrahim, da Aliyu Makaman Bida, da Isa Kaita, da Musa 'Yar'aduwa, da Sa'adu Zungur, da Abubakar Imam. Biyu daga cikinsu hotunansu suna kan kuɗin da ake juyawa a kasuwa, Tafawa Ɓalewa a kan naira 5, Sardauna a kan naira 200. Cikin malamanta akwai Muhammadu Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, wanda daga baya ya rubuta tarihin Sarki Dikko da Hausa aka buga a 1951.

A 1938 aka ɗauke kwalejin zuwa Kaduna, a 1949 aka mai da ita Zariya, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Sardauna, ɗalibinta, shi ya jagoranci kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma daga cikinta Jami'ar Bayero ta fito. Jami'ar jihar Katsina da aka kafa a 2006 tana ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan wani ɗalibin na wannan kwaleji. Tsohon ginin kuwa yana nan a birnin Katsina, an mai da shi gidan adana kayan tarihi na ƙasa.

Bai tsaya ga maza ba. Wajen 1930 aka buɗe makarantar 'yan mata a Katsina da goyon bayansa, ya fara da 'ya'yan gidansa da na fadawansa, a lokacin da batun karatun mace na boko yake abin ƙyama a yawancin masarautu. Haka ya yi da asibiti, yana ƙarfafa wa jama'a gwiwar zuwa wurin likita.

Makka da Landan

A 1921 Dikko ya tafi aikin Hajji yana kan gadon sarauta. A wancan zamani alhazai ta ƙasa suke bi, ta Barno da Wadai da Sudan, tafiyar da kan ci shekaru, wasu ma ba sa dawowa. Shi sai ya bi ta Legas, ya shiga jirgin ruwa zuwa Libaful, ya isa Landan. A can ya gana da Sarki Joji na Biyar, wanda ya ba shi lambar girmamawa ta sarakunan Afirka. Daga Ingila ya wuce Hijaz, wadda a lokacin take hannun Sharif Husaini, ya sauke farali ya dawo gida. Cikin 'yan rakiyarsa akwai ɗansa Usman Nagogo, yana matashi.

Ya sake komawa Ingila a 1924, shekarar babban baje kolin daular Ingila a Wembili, da kuma 1933, da wasu lokutan bayan haka. Ya ziyarci masaƙu da gonaki da wuraren kiwon dawaki, yana tambaya yana kwatantawa da abin da ke gida. Masanin tarihi Moses Ochonu ya yi nazarin waɗannan tafiye-tafiye a littafinsa Emirs in London na 2022, inda ya nuna cewa Turawa suna so ne su burge sarakuna da ƙarfin daularsu, su kuma sarakunan suna amfani da tafiyar wajen ƙara wa kansu kwarjini a idon talakawansu.

Daga cikin abin da ya dawo da shi akwai wasan ƙwallon dawaki, wato folo. Ya sa aka share fili a Katsina, ya kafa ƙungiya da 'ya'yansa da 'ya'yan hakimai, ba da jimawa ba suka fara doke ƙungiyoyin hafsoshin Turawa. Nagogo ya zama ɗaya daga cikin gwanayen wasan da Nijeriya ta taɓa samu, kuma har yanzu gasar folo ta Katsina tana cikin manyan gasannin ƙasar nan.

A 1934 aka ware Katsina da Daura suka zama lardi mai cin gashin kansa, bayan Katsina ta zauna ƙarƙashin Kano sannan Zariya. Iyakokin wannan lardi su ne tushen Jihar Katsina da aka ƙirƙira ranar 23 ga Satumba, 1987.

Ɗaya gefen ma'auni

Masu sukar Dikko suna da hujjojinsu. Tsarin da ya yi wa hidima tsarin mamaya ne, kuma manufarsa ta farko ita ce tara haraji cikin sauƙi. Baitulmali ya rage wawason jakadu, amma ya sa karɓar haraji ta ƙara tsauri, domin yanzu da kuɗin Bature ake biya, a kan lokaci, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. A yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Ƙaƙalaba, mutane da yawa sun mutu a arewacin ƙasar Hausa, taimakon gwamnati kuwa bai taka kara ya karya ba. An yi aikin tilas wajen gina hanyoyi, a lokacin yaƙin duniya na biyu kuma an ɗebi mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka aiwatar da duk wannan.

Haka nan ilimin da aka kawo na 'yan tsiraru ne. An tsara kwalejin don samar da malamai da ma'aikatan En'e, yawancinsu 'ya'yan masu sarauta da malamai, kuma Turawa sun yi takatsantsan kada ta haifar da 'yan boko masu ƙalubalantar mulki irin na Legas. Ɗan manomi a ƙauyukan Ruma ko Safana da wuya ya ji ƙamshinta. Giɓin da ke tsakanin birni da ƙauyukan yamma a fannin makaranta ya samo tushe tun daga nan. Ƙari a kan haka, rarraba manyan muƙamai ga 'ya'ya da dangi ya tattara iko a gida ɗaya, abin da 'yan NEPU suka yi ta suka a kan tsarin En'e baki ɗaya bayan 1950.

Masu kare shi kuma suna cewa a 1903 zaɓi biyu ne ke gaban shugabannin Arewa. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira da yaƙi, ya yi shahada a Burmi a watan Yulin wannan shekara. Wasu suka zaɓi zama su kare abin da za a iya karewa na addini da shari'a da mutuncin jama'a. Dikko yana cikin na biyu, kuma cikinsu ya fi yawancinsu fahimtar cewa mulkin Bature zai wuce, wanda ya mallaki iliminsa shi zai gaje shi. Shekara goma sha shida bayan rasuwarsa, ɗaliban makarantar da ya karɓa a garinsa ne suka riƙe gwamnatin Arewa da ta tarayya.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Muhammadu Dikko ya rasu a 1944, yana da shekara kusan 79, bayan ya yi shekara 37 a kan mulki. Ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi ya yi mulki har 1981, sai jikansa Muhammadu Kabir Usman har 2008, sai Abdulmumini Kabir Usman. Gidan da aka yi wa kallon baƙo a 1906 ya haura shekara ɗari a Gidan Korau. An sa sunansa a babban filin wasa na Katsina da kuma wata tsohuwar makarantar sakandaren gwamnati da ke birnin.

A yammacin jihar, abin da ya fi dacewa a tuna da zamaninsa shi ne komawar mutane gona. Dajin Rugu da ya kasance mafakar mahara a ƙarni na 19 ya sake zama haka a wannan ƙarni. A watan Fabrairun 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na ƙaramar hukumar Batsari. A watan Disamba na shekarar aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ƙauyuka da dama da aka kafa a shekarun zaman lafiya sun tashi, mutanensu sun koma Batsari da Dutsin-Ma da birnin Katsina, makarantun firamare da yawa sun daɗe a rufe. Manomin rogo da gero ya koma noma kusa da gari kamar yadda kakanninsa suka yi kafin 1906, ɗan kasuwa kuma yana lissafin hanya kafin ya lissafa riba.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana maƙwabtaka da Safana. Samuwarta a nan ci gaba ne na abin da aka fara a ginin jar ƙasa na 1922, kuma tana kusa da yaran da kwalejin farko ba ta kai gare su ba. Amma yaron da aka rufe makarantar ƙauyensu ba zai kai ƙofarta ba, ko da tana tafiyar awa ɗaya daga gidansu. Abubuwa uku da aka san zamanin Dikko da su, wato kuɗin jama'a a rubuce, da hakimi a cikin jama'arsa, da makaranta a buɗe, su ne har yanzu mutanen Batsari da Safana ke nema daga masu mulki. Allah Ya jiƙan Sarki Dikko, Ya kuma dawo wa yankin da zaman lafiya.